Karen Gidan Barnaba Ya Yi Ƙiba

Karen gidan Barnaba ya yi ƙiba a bana. Duk wanda ya san shi a Likoro da haƙarƙari a waje, yana bin masu dafa mazarƙwaila yana lasar ƙasa, yanzu sai ya tsaya ya sake kallo. Gashinsa har ƙyalli yake yi. Maigidan kuwa wata na biyar ke nan yana zaune kan kujerar roba a gindin mangwaro, wuya ya zama siriri, ciki kuma a kumbure.

Martina, matar marigayi ƙanensa, ita take ciyar da karen, ko da yake ba shi take kawo wa ba. Kullum da hantsi takan shigo da langa biyu da 'yar ƙwarya: tuwon dawa, miyar kuka da ta ji daddawa da wake, sai kindirmo. Ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, ina kwana? Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi," in ji Barnaba, idonsa na kan yatsun ƙafarsa.

"Allah ya ƙara sauƙi. Ga shi, da hannuna na yi maka. Ban bari kowa ya taɓa ba."

Kafin ta kai bakin zaure takan ji ƙarar juye langa a bayan rumbu, da gudun kare. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta fita tana amsa gaisuwar mata, waɗanda ke cewa ba su taɓa ganin mai yafiya irin Martina ba. Ita kuwa ko ƙwayar gero ba ta yafe ba.

Shekara uku da suka wuce, ita ce a zaune haka. Mijinta Abednego bai cika shekara da rasuwa ba zazzaɓi da tari suka kwantar da ita, hancinta ya daina jin ko warin hayaƙi. Lokacin korona ne, amma a ƙauye wa zai yarda ya kira sunan? Mako biyu zazzaɓin ya tafi. Abin da ya bari a baya ne ya ƙi tafiya. Ta ci abu kaɗan ciki ya kumbura, yau gudawa, gobe ya ɗaure. Ta ɗora tukunya ta manta abin da za ta zuba. In ta noma kunya biyu sai zuciyarta ta hau bugawa, ta kwana uku ba ta iya ɗaga guga. Mai kemis ya yi ta ba ta kafso ja da rawaya, tana haɗiya, abin yana ƙara gaba.

A gidansu, matar mamaci takan riƙe gonar mijinta muddin tana nomawa. Gonar Abednego kuwa fadama ce, ƙasa baƙa mai laushi, wadda Barnaba ya daɗe yana yi wa kallon ƙasan ido. Da ciyawa ta rufe ta, sai ya tara dattawan gida a gindin mangwaron nan.

"Wane irin ciwo ne ba zazzaɓi, ba rauni?" ya tambaye su. "An auna jininta, ba a ga komai ba. Lalaci ne kawai ya samu wurin kwana."

Matan zumunta na majami'a suka ce za su yi mata gayya, rana ɗaya su gama noman. Barnaba ya ɗaga hannu.

"Gonar gandu ba a noma ta da hannun aro. Wanda ya riƙe, shi zai sunkuya. In noman fari ya wuce bai sa mata fartanya da hannunsa ba, ta koma wurin mai iyawa. Ku shaida."

Suka shaida. Martina ta dafa bango ta miƙe, ta faɗi maganar da duk Likoro ta ji kafin yamma.

"Yaya, ba zan mutu ba sai na ga ranarka."

Ya yi dariya, ya dasa rake a gonar.

'Yarta Jessica, wadda ke aure a Zariya, ita ta zo ta ɗauke ta ta kai ta wurin wata likita. Wannan ce mutum ta farko da ta saurare ta har ta gama magana.

"Mama, ciwonki gaskiya ne," in ji likitar. "A hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna taya shi narkar da abinci, suna kwantar wa jiki da hankali. Ki ɗauka gona ce. Cutar nan ta bi ta kanta, kafson da kika yi ta sha ya ƙarasa shukar da ta rage, ciyawa ta samu fili. Jikinki kuma har yanzu yana faɗa kamar cutar tana nan, shi ya sa yake kumburi ta ciki."

"To wace allura ce ke gyarawa?"

"Ba ni da ita. Har yanzu bincike ake yi, ba zan yi miki alkawarin warkewa sarai ba. Amma ki bar kafson nan. Ki koma wa dawa da gero da wake, da kuka da rama da zogale, da daddawa da kindirmo. Ki riƙa aiki kaɗan kina hutawa tun kafin ki gaji."

Martina ta kusa yin fushi. Ta taso tun daga Likoro a gaya mata ta sha miyar kuka? Amma ta bi. Wata shida kafin cikin ya lafa, shekara guda da rabi kafin ta iya wuni a gonar wani tana ƙwadago. Ko yanzu akwai ranakun da jikin yake ƙin tashi. A duk tsawon lokacin nan, hanyarta ta rijiya ta gefen fadamar take bi, tana kallon raken Barnaba yana tsayi a kan gumin mijinta.

Sai ga shi bayan Kirsimeti zazzaɓi da tari sun kama Barnaba. Ya tashi, ya sa aka sare rake, ya koma ya zauna, bai sake tashi da ƙarfinsa ba. Ranar da Martina ta ji cikinsa yana kumbura, kuma yana manta sunan jikokinsa, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi dariya har hawaye suka zubo.

Ba ta ɓoye masa komai ba, wannan kam ko a gaban Allah za ta iya faɗa. Tare da fasto ta je ranar farko, ta zayyana duk abin da likita ta ce. Barnaba ya saurara, yana kallon murmushinta, yana tuna rantsuwarta. Matar da ta ce sai ta ga ranarsa, yau ita ce da kwano a hannu? Ai ko yaro ya san ta abinci ake yin sammu. Suna fita ya kira matarsa Bernice ya kafa doka: kada a sake kaɗa kuka a gidansa, kada daddawa ko nono su ƙetare zaure, tunda su matar nan ta lissafa. Ya koma wa shayi da burodi da lemon kwalba, da kafso ja da rawaya safe da yamma.

Ruwan shuka ya sauka, mutane suka yi shuka, ciyawa ta tsiro. Saura kwana kaɗan noman fari ya wuce, Bernice ta zo ta samu Martina tana tankaɗen kuka. Ba ta ko zauna ba.

"Maman Jessica, don girman Allah. Mutumin nan ƙarewa yake yi. Ni na san babu komai a abincinki, ga kare nan shaida. Na faɗa masa, ya ce wai sammu mai suna ne, ba ya kama dabba."

"To ni me zan yi, Yaya? Na dafa, na kawo."

"Ki ci a gabansa. Loma ɗaya. Ya ce in kin ci, zai ci."

Martina ta buga rariyar a tafin hannunta sau biyu. Bernice ba ta taɓa yi mata komai ba. Lokacin da Martina take kwance, Bernice ce ma take laɓaɓowa da ruwan zafi. Tausayin Bernice ya taso mata, ta danne shi.

"Mu je," ta ce.

Barnaba na nan a kujerarsa. Dattawa biyu daga cikin waɗanda suka yi shaida a wancan karon sun zo dubiya. Martina ta durƙusa, ta buɗe langa, tururi ya tashi da ƙamshin daddawa. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta wanke hannu, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta ɗago loma har kusa da leɓenta. A idon Barnaba ta ga abin da ta sani sarai, irin kallon da ita ta yi wa dattawan nan lokacin da take jira mutum ɗaya ya ce ya yarda da ita.

Ta mayar da lomar cikin langa a hankali, ta share yatsunta a gefen kwanon.

"Na ƙoshi, Yaya. Wannan naka ne."

Barnaba ya sa ƙafa ya ture langar. Miya ta malale a ƙasa, kare ya taso da gudu. Bernice ta rufe fuska da gefen zanenta.

Noman fari ya wuce, Barnaba bai sa wa fadama fartanya ba. Ranar Litinin dattawa suka tuna wa kowa maganar da suka shaida, ba tare da sun kalli mai maganar ba. Washegari da sassafe Martina ta saɓa fartanyar Abednego ta nufi fadama. Ta noma kunya huɗu, ta zauna ta huta tun kafin ta gaji, kamar yadda aka koya mata. Ƙasar na nan da laushinta.

Da rana ta ɗaga, ta ajiye fartanya ta koma gida ta hura wuta. Ta auna kuka, ta dubi tukunyar, ta ƙara rabin ludayi. Karen ya riga ya iso, yana zaune a ƙofar ɗakin girkinta yana kaɗa jela.