Kuɗin Motar Inna Mai Wanki

…kuma ai ba wanda ya tilasta mata, nan ne abin ya fi ciwo. Ita ce ta ɗaga hannu a taron. Ita, jami'ar da ke kula da masu shiga gwajin maganin hawan jini, da bakinta ta ce a daina ba su kuɗin mota a ambulan, a riƙa tura musu ta waya. Wai ya fi tsafta. Tsafta! Babban likita har da gyaɗa kai, "Madalla, kanki na ja." Ta wuni tana jin kanta a sama…

Yanzu ga takarda a gabanta, fanka na kaɗa gefenta. Lamba ta ashirin da bakwai, Inna mai wanki. Ta makara da kwana biyar, ƙa'ida kuwa kwana uku ce — wanda ya wuce a cire shi, maganin kyauta ya tsaya. Layi ɗaya ya rage a cike: dalilin makara.

Me za ta rubuta? Ƙafa?

Ƙafar nan… da nas ta zare wa tsohuwar silifas ɗazu, ita jami'ar sai da ta kau da kai. Ta kumbura suntum, diddige duk faso. Tun daga bayan gada take takowa. Zuwa uku a ƙasa. Uku! A na huɗun ne ƙafar ta ƙi, ta kwantar da ita.

"Inna, kuɗin sun shigo?" Haka take tambayarta duk wata, ido na kan kwamfuta. "Sun shigo, 'yata, Allah ya yi albarka." To, ƙarya ta yi? Sun shigo mana — wayar mijin 'yarta. Shi ke da waya a gidan, lambarsa ta bayar. Wace tsohuwa ce za ta dubi surukinta ta ce ba ni kuɗina? A gidansa take kwana, abincinsa take ci. Gara ta taka.

Kuma ita jami'ar ta sani. Kar ma ta yaudari kanta. Ita da ke tura wa mahaifiyarta kuɗi ta wayar Yaya, sannan ta bi da kira a ɓoye ta wayar maƙwabciya — Umma, nawa ya ba ki? — ita ce ba ta sani ba? Haba dai.

Ambulan ɗin ne ya ishe ta, wannan ita ce gaskiyar. Layin nan na ranar Talata, zufa, tari, a kama yatsa a dangwala a tawada, wannan ta ce takardar kuɗin ta yage, waccan ta ƙirga har sau biyu a gabanta sai ka ce ɓarauniya ta miƙa mata… Hannuwansu ne ta gaji da taɓawa. Shi ke nan fa. Wayyo Allah, ji take kamar ta nutse a kujerar.

Mata talatin da ɗaya ne a jerin. Mutum nawa ne lambar tasu ce? Ba ta taɓa tambaya ba. Fom bai ce a tambaya ba — to wa ya tsara fom ɗin?

In ta rubuta "rashin kiyaye lokaci", an gama, ba mai bin ba'asi. Inna ta koma sayen ƙwaya bibbiyu ranar da wanki ya samu. In ta rubuta gaskiya, ƙila kwamiti ya yi wa tsohuwar uzuri, ƙila… amma sai ta hau bene, ta tsaya gaban mutumin da ya ce kanta na ja, ta ce… ta ce me?

Ƙofa ta motsa. Tsohuwar ce ke leƙowa, silifas a hannu, sun ƙi shiga.

"'Yata, in kama hanya? Kin san tafiyar tawa a hankali ce."

Hannunta ya riga ya shiga jaka, ya taɓa kuɗi — a'a. An hana. Ma'aikaci ba ya ba mai shiga gwaji ko sisi daga aljihunsa, shafi na huɗu na littafin ƙa'idoji, har da jan layi a ƙasa. Ita ta ja layin.

Tsohuwar na murmushi, tana jira. Hannu a jaka, layin dalili fayau… kuma har yanzu ko zauna ba ta ce mata ba.