Tawul Shida na Kaka Palaga

Yayata Saveta ta dawo daga Italiya bayan shekara goma sha huɗu, da jaka biyu da wata fitila mai dogon wuya. So take ta gyara babban ɗakin gidanmu na katako ta riƙa saukar da baƙi masu zuwa hawan dutse. Amma gidan na kakarmu Palaga ne. Idan Kaka ta ce a'a, Saveta za ta koma wanke-wanken da ta baro a birnin Torino. Ni kuwa ba na son ta koma.

Kaka ta tafi ƙauyen gaba wajen ƙanwarta na sati ɗaya, sai muka kama aiki. Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba, abin da aka nuna mini shi nake bugawa. Muka shimfiɗa buzun tunkiya a kan wata kujerar ƙarfe ruwan ɗorawa. Ƙahon barewar da kakanmu ya harbo ya koma saman madubin Italiya, farantan ƙasa suka jeru kusa da hoton teku. Da fari na ga kamar kasuwa ce. Daga baya idona ya saba, har na fara jin daɗin zama a ciki.

Bangon gabas ne ya rage fayau.

"Toader, buɗe adakar Kaka mu gani," in ji Saveta.

A can ƙasa muka sami tawul shida masu ɗinkin hannu, ja da baƙi, an ɗaure su da zare. Ban taɓa ganinsu ba. Na buga ƙusa shida, ta rataye su, suka fi komai kyau a ɗakin.

Ranar Asabar da hantsi Kaka ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa, tana bin kaya da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fitilar ciwon wuya take yi?"

"Haka ake yayinta, Kaka."

"Allah ya ba ta lafiya."

Sai idonta ya kai bangon gabas, ya tsaya a kan tawul ɗin. A lokacin na gane. A wajenmu kowace tsohuwa takan ɗinka tawul ta ɓoye, domin mutanen da za su ɗauki akwatin gawarta, kowa ɗaya. Na sha ganin irinsu a ɗaure a hannun maza a hanyar maƙabarta, amma ban taɓa ganinsu a warware ba.

"Ita Saveta ta daɗe a ƙasar waje," Kaka ta ce. "Kai fa, mai guduma? Kana gaggawar binne ni ne?"

Saveta ta hau kujera za ta sauke su.

"Sauko, 'yar nan."

Kaka ta matsa ta shafa na ƙarshen, wanda ɗinkinsa ya ɗan karkace.

"Shekara ashirin suna cikin duhu, ni kaina na manta haka suke. Bar su su sha iska. Amma ranar da za a buƙace su, wadda ta rataye ita za ta sauke, ta raba da hannunta. Ba na son a tsaya jiran mota daga Torino."

Saveta ta sauko a hankali. "Ina nan, Kaka."

"To, a ɗora tuwon masara. Kai kuma zo ka gyara ƙusar nan ta uku, a karkace take."