Kwana Ukun Kwamfutar Baba Na'iya

"Kwance mata ciki in gani," in ji Baba Na'iya.

Ubaidullahi mai shagon kwamfuta ya dubi tsohon, ya dubi Malam Dikko da ke tsaye a bayansa, kamar mai neman ceto. Tunda ya buɗe shagon nan a bakin titin Sakkwato bai taɓa ganin wanda ya ɗaga kwamfuta ya jinjina nauyinta, ya shinshina bayanta, sannan ya ƙwanƙwasa gefenta yana kasa kunne ba.

"Baba, ba a buɗe su nan. Na hannu na, amma lafiyassu lau."

"Shekara arba'in nika dillancin shanu, daga Tambuwal har Kebbe. Ban taɓa sayen abin da ban duba bakinai ba. Ɗauko sukundireba."

Malam Dikko ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi aka ɗauko a matsayin masani. Malamin firamare ne, katangarsu ɗaya da Baba Na'iya, kuma ya taɓa zuwa bitar kwamfuta ta kwana uku a Sakkwato, ya dawo da takardar shaida da jaka mai tambari. Tun daga ranar unguwa take kallonsa a matsayin injiniya, shi kuma bai ga dalilin musawa ba. Gaskiyar magana, abin da ya rage masa a ka daga bitar nan bai wuce inda ake dannawa ta kunnu ba.

Ya san abin da ya kawo su, shi ya sa bai iya cewa a'a ba. Likita ya riga ya gaya wa Baba Na'iya cewa hantarsa ta gaji, kuma kowa ya ga yadda riga take yi masa yawa. 'Yarsa tilo, Raihanatu, mijinta ya rasu a Fakku, ta dawo gida da yara biyu da ilimin buga takardu da ta koya tun tana budurwa. Tsohon ya sayar da bijiminsa na ƙarshe don ya saya mata kwamfuta. Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya ga da idonsa ta yi aikin farko a kanta, ya san ya bar ta da abin riƙewa.

Malam Dikko ya gyara murya ya nuna wata siririya mai sheƙi, wadda komai nata yake haɗe a bayan gilashi. "Baba, wagga ita ta ta zamani. Dubi kyawonta."

"Na gani. Yaro, in ta gaza nan da shekara biyu, mi a ka ƙara mata?"

Ubaidullahi ya sosa ƙeya. "Ita dai an liƙe komi nata. Ba ta ɗaukar ƙari."

"To ta gama girma. Kyawon ranar kasuwa na. Irinta a ka yi ma wanka a kai ma ɗan birni."

Malam Dikko ya janye yatsansa a hankali ya sa a aljihu.

Aka kwance wata ƙatuwa baƙa, mummuna, mai tabo a gefe. Baba Na'iya ya sa Raihanatu, wadda ta rako su, ta haska masa da fitilar waya, ya tura kai ciki har hularsa ta karkace. Ya duba kawunan ƙusoshin ko sun sha murɗa, ya shafa ƙurar fanka da yatsa, ya tambayi amfanin wasu dogayen gurabe da ya gani. Ubaidullahi ya ce nan ake soka ƙwaƙwalwa, gurbi huɗu ne, biyu a cike biyu a buɗe, kuma akwai wurin ƙara wata ma'ajiyar idan wannan ta cika.

"Fuɗu, biyu na jiran kiwo," in ji tsohon, fuskarsa ta washe. "Malam, ka ji? Ramammiya ta, amma tana da ƙashi. Mai ƙashi a ka saye, nama Allah ka kawo shi."

Bai tsaya nan ba. Ya ce a sa ta tafiya. Aka kunna, Raihanatu ta zauna ta buɗe shafi kan shafi tana bugawa, shi kuma ya aika aka sayo fura, ya zauna a kan benci yana sha, ya ce ba inda za shi sai ta yi awa guda cikin zafin nan ya ji ko za ta yi nishi. Ba ta yi ba. Da aka zo ciniki ya matsa wa Ubaidullahi har yaron ya fara rantsuwa da iyayensa. Da aka sallama, ya miƙa hannu ya ce a ba shi wayar wuta kyauta, domin shi bai taɓa jin inda aka sayar da dabba aka riƙe igiya ba. Ubaidullahi ya ba shi har da linzamin kwamfuta, don dai su tafi.

A gida ne aka samu matsala. Malam Dikko ya aro janareto, ya zo da tambayoyin jarabawar ajinsa a rubuce don Raihanatu ta fara da su. Ya tarar an ajiye kwamfutar a ɗakin Baba, an lulluɓe ta da zane.

"Ba a taɓa ta sai ta kwana uku," in ji tsohon. "Baƙuwa ta. Ta sha babur, ta sha rana. Ko sa anka kawo gida, ba a ɗora mai garma sai ya huta ya san gidan."

"Baba, ƙarfe na fa."

"Ƙarfen ga da kas so ka zaɓa man mai sheƙi? Yi zamanka, Malam."

Raihanatu ta dubi Malam Dikko, ta sunkuyar da kai. Su biyun sun san kwana uku ba ƙaramin abu ba ne a jikin nan, amma ba wanda ya iya faɗa. Malam Dikko ya naɗe takardunsa ya koma gida, ransa a jagule, yana jin haushin taurin kan tsohon, yana kuma jin tausayinsa.

Washegari Baba Na'iya bai fito zaure ba. Da yamma ko kunu ya ƙi zama a cikinsa. Da hantsin rana ta uku ɗan Raihanatu ya leƙo ta katanga ya ce Baba na kira, a zo da takardun nan.

Yana kwance a kan katifa, an jingina shi da filo biyu. Muryarsa ta koma ƙasa ƙwarai.

"Kwana nawa tac ci?"

"Biyu, Baba. Sai gobe su cika uku," in ji Raihanatu.

Ya dubi zanen. A shekara arba'in ba wanda ya taɓa jin ya rage wa dabba ko wuni ɗaya.

"Biyu da hantsi sun isa. Yaye mata."

Malam Dikko ya fita ya ja janareto, ya daɗe a can fiye da yadda aikin yake bukata. Da ya dawo ya durƙusa ya danna wurin nan guda da ya sani. Fanka ta ɗauka, gilashi ya kawo haske.

"Malam, kai na mai ciniki na farko," in ji Baba Na'iya. "Kuma ba ka cin arha don maƙwabtaka. Raihanatu, kak ki rage mai."

"Ba ni ragewa, Baba."

Ta fara bugawa, Malam Dikko yana karanto mata. Tambaya ta ɗaya, jihohi nawa ne suka yi iyaka da Sakkwato. Ta biyu, kawo amfanin ruwa guda uku. Yatsunta suna gudu, tsohon ya juyo da kai yana bin su da ido. Wajen ta biyar ya ce, "Ba ta nishi." Raihanatu ta ce ba ta yi. Ya ce, "To, alhamdulillahi," ya lumshe ido, leɓɓansa suna motsi.

Malam Dikko ya karanto ta bakwai, ta buga. Ya buɗe baki zai karanto ta takwas, sai ya lura ƙirjin tsohon ya daina ɗagawa. Ya ajiye takardar, ya matsa ya shafe masa idanu, yana salati a hankali.

Ana gama azahar aka kai shi. Dillalan kasuwar shanu sun zo har daga Kebbe, Ubaidullahi ma ya rufe shago ya bi gawa. Da Malam Dikko ya dawo daga maƙabarta ya ji janareto yana ta aiki a bayan gida, ba wanda ya tuna da shi. Ya nemi izini ya shiga ɗakin don ya kashe kwamfutar. An naɗe katifar an jingine ta a bango. A kan gilashi tambayoyi bakwai suna jere, sai lamba ta takwas, ɗan layin nan mai nuna wurin rubutu yana ta ƙiftawa a gabanta.