Zakkar Gidan Bani Malik

Na'ibi tela ne a unguwar Bagdadiyya, kuma duk Hausawan Jidda sun san halinsa: riyal in ya shiga aljihunsa ba ya sake ganin rana. Shi da matarsa Luba suka gina gidansu na unguwar Bani Malik, shi da kuɗin ɗinki, ita da na tuwo da waina da take sayar wa leburori a ƙofar gida. Ya sake ta ne kan ta cika zuba mai a miya. Da idda ta cika ya koma kwana a bayan shagonsa, ya ce a sayar da gida a raba kuɗi.

Hankalin Luba ya tashi ƙwarai. Iyayenta sun rasu, ba ta da inda za ta, kuma masu cin tuwonta wannan ƙofar kaɗai suka sani. Amma ta daɗe tana zaune da mutumin, ta san inda yake masa ciwo.

Ran da suka je wurin limamin unguwa, Malam Abdulghani, don ya shaida rabon, sai ta sunkuyar da kai.

"Allah gafarta Malam, ni jahila ce. Gidan da mutum yake ciki, ana yi masa zakka?"

"Babu zakka a gidan zama."

"To in an sayar an ajiye kuɗin fa?"

"In sun kai nisabi, shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in."

Na'ibi ya gyara zama. "Sau ɗaya ke nan, ya Shaikh?"

"Duk shekara, muddin suna ajiye."

Na'ibi ya shiga lissafi da yatsunsa. Ajiya ita ce rayuwarsa. Kashe kuɗi bai iya ba, bayarwa kuwa ko a mafarki. Luba ta bar shi ya dahu, sannan ta ce, "Baban Zakiya, ni tausayinka nake ji. Sayar mini da rabonka, in riƙa biyanka kaɗan-kaɗan duk Juma'a. Ba za su taru su kai nisabi ba."

Malam ya ce ciniki dai ya halatta, amma Allah yana ganin niyyar mai gudun zakka. Na'ibi rabin farko kawai ya ji. "Halas, na sayar," ya ce, har yana yi mata kallon wadda aka cuta.

Duk Juma'a sai ya zo karɓar kuɗinsa, ya tarar da miyar nan tana tafasa, man da ya yi saki a kansa yana yawo a sama. Gwauro ne, ya gaji da busasshen burodi. Ya sayi kwano ɗaya, daga baya kullum, safe da yamma. Luba ba ta taɓa rage masa ko girshi ɗaya a kuɗin tuwon ba.

Kafin ta gama biya, kuɗin fetur ya cika garin, filin Bani Malik ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba. Ta ɗora ɗakuna a sama ta zuba 'yan haya. Shi kuwa ido ya raunana, masu kawo masa ɗinki suka koma wurin shaguna masu sababbin kekuna. Abin da ya rage masa sai alfahari a majalisa cewa bai taɓa fitar da zakkar gidan nan ba.

Da azumi ya zo Luba ta ware zakkarta, ta je ta tambayi Malam ko tsohon miji yana cikin waɗanda ake ba.

"In mabuƙaci ne, ya halatta."

Shi ta fara kai wa. Ya ƙirga sau biyu, ya tambaya ko baɗi ma za a samu.