Takardar da Na Tarar a Kwali na Tara

Shekara shida da rufe masaƙar garinmu aka sayar da ginin. Sababbin masu shi suka ɗauke mu mu uku, mu juye tsofaffin takardun ofis cikin kwamfuta kafin a ƙona su. Ni buga rubutu ne sana'ata tun da na gama sakandare. Aka ba mu wani ɗaki a sama mai taga ɗaya, kwalaye jere har rufi, gara ta cinye gindin wasu.

Na yi murna da aikin, don a masaƙar nan Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin rini. Katinsa na aiki har yanzu yana maƙale jikin madubin Inna, mai lamba ɗari huɗu da goma sha bakwai. Kawu ma, ƙanen Inna, a can ya yi aiki, sai dai shi bai daɗe ba. Shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata lokacin da suka shirya yajin aiki, aka kore shi da wasu mutum goma sha ɗaya ana gobe za a fara. Daga nan bai ƙara samun aikin kirki ba. Ya yi gadi, ya yi dako, matarsa ta kwashe yara ta tafi, ya dawo ɗakin ƙofar gidanmu, a nan ya rasu. Baba ne ya yi jinyarsa, har wanka shi yake masa.

Mai duba aikinmu wata dattijuwar akawu ce da muke kira Anti. A satin farko na yi ta cin karo da kalmar plant a takardu, ni kuwa a makaranta shuka aka ce mana. Na tambaye ta ko masaƙar tana da lambu.

Ta sauke tabarau ta dube ni. “Ke 'yar nan, masara kike zaton suke nomawa a nan? Plant shuka ce, tsiro ne, ganye ne, gaskiyarki. Amma masana'anta ma haka ake ce mata. Manyan injina ma haka. Ki riƙa duba maƙwabtan kalma kafin ki yanke mata hukunci.”

Muka yi dariya, na ci gaba da aiki.

A sati na uku na buɗe kwali na tara. Ciki akwai wani jan fayil da aka ɗaure da zare, an buga masa hatimin sirri. Wasiƙa ce daga manajan ma'aikata zuwa ga babban manaja, an fara ta da cewa our plant in the union, wato plant ɗinsu na cikin ƙungiya, ya kawo rahoto. Na gwada shuka, ba ta shiga ba. Na gwada masana'anta, na gwada inji, duk ba su shiga ba. Inji ba ya kawo rahoto. Na kai wa Anti.

Ta karanta, ta taɓe baki. “Wannan kam mutum ne. Wanda aka dasa a cikin jama'a, yana ci tare da su, yana kwasar maganarsu yana kai wa manya. Ɗan leƙen asiri. In kina son ta gida, munafuki.”

Na koma kujerata na juya shafi. Sunaye goma sha biyu ne, na Kawu a sama. An rubuta cewa a gidan mijin yayar sakatare suke taro ranar Lahadi, wato gidanmu. A ƙasa, inda aka nemi a bar mai rahoton a kan aikinsa, ba a sa suna ba, lamba aka sa. Ɗari huɗu da goma sha bakwai.

Na daɗe ina kallonta. Na ce wa Anti kaina ke ciwo, ta ce in tafi.

Na tarar da Baba a tsakar gida ya baje fankar maƙwabta yana gyarawa, yana tarin nan nasa da ya samo a ɗakin rini. Inna ta je kasuwa. Na zauna a kan turmi, jakata a cinya.

“Yau da wuri, uwar masu boko? Ko sun gaji da ke?”

“Baba, na ga lambarka a wata takarda.”

“Ai dole, shekara talatin da ɗaya.”

“A jan fayil. Tare da sunan Kawu.”

Ya ajiye sukundireba a hankali. Bai tambaye ni abin da aka rubuta ba. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, kamar ba zai gama ba.

“Uwarki na da cikinki,” ya ce. “Tana kwance a asibitin kamfani, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce sai an yi aiki. Gidan nan ma a lokacin na kamfani ne. Manaja ya kira ni, ya ce ranar taron ƙungiya kawai yake so in faɗa masa. Na faɗa. Sai ya ce sunaye.”

“Sau ɗaya ne?”

“Shekara biyu.”

Na so in ji ya yi musu, ko ya daka mini tsawa ya ce ba ni da kunya. Da ya yi haka da na sami abin riƙewa.

“Kawu ya sani?”

“Tun ranar da aka kore su. Ya zo nan, ya tsaya inda tulun can yake, ya ce mini ya gane. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada yayarsa ta ji.” Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. “Shekara takwas yana ɗakin can. Kullum in na kai masa abinci sai ya ce na gode, yaya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.”

Muna nan zaune Inna ta shigo da kwando a ka, tana mitar tsadar albasa. Ta dube mu ta ce wa ya mutu. Baba ya ce ba kowa, labarin masaƙa muke yi.

Ta sauke kwandon. “Af, na daɗe ina so in tambaye ki. A takardun nan kin ga sunan ƙanena?”

Baba ya sunkuyar da kai kan fanka.

“Na gani, Inna.”

“Me suka ce a kansa?”

“Sun ce mai taurin kai ne, ba ya lanƙwasuwa.”

Da gaske an rubuta haka. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce tun yana yaro haka yake, ko wanka sai an yi kokawa. Sai dariyar ta tsaya, ta ja bakin mayafi ta share ido, ta shige kicin.

Washegari na koma ofis na buga wasiƙar yadda take, ban cire lamba ko ɗaya ba. Ƙarshen wata aka ƙona kwalayen a bayan gini.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya. Ban daina gaishe shi ba, ban daina kai shi asibiti ba, amma bai ƙara tsokanata ba, ni ma ban ƙara zama kusa da shi yana aiki ba. Inna ta lura, ta ce girma ne ya zo mini. Ranar da ya rasu ta riƙe hannuna tana faɗa wa masu gaisuwa cewa ba ta taɓa ganin mutumin da ya riƙe ƙanen matarsa kamar mijinta ba. Matan suka ce haka ne, Allah ya saka masa. Na ce amin tare da su.