Fatar Takalmina a Cikin Muline

Ni Halime mai banda, ta bakin kogin Garwa, ban yi lekol ba, wato boko, amma na san kayana. Abin da ya kai ni zauren Lawan, mai unguwarmu, a shekarar da aka tare ruwa a Lagdo, muline ne. Muline ɗan inji ne da ake ɗaura wa sandar fatsa, mai hannu kamar na keken ɗinki, yana naɗe zare yana saki. Na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Ban faɗi sunansa yana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Malam nake ce masa.

Ina cikin takaba Nicolas ya zo. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, mutumin kan dutse, shekara takwas yana bin Malam kamun giwan ruwa yana ce masa Baba. Tuwona kuwa ya ci har ya san ranar da nake miyar kuka. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Mama, a ara mini mulinen Baba in gwada sabon ruwan Lagdo, ran Lahadi zan dawo da shi." Na miƙa masa ta bayan labule. Lahadi ta wuce, takaba ta ƙare. Da na aika, sai ya ce na Malam ya faɗa ruwa, wanda ake gani a hannunsa nasa ne, wajen wani Bature ya saya. Ya kuma ce wa mata a kasuwa tsufa ya fara taɓa ni.

To bari in faɗi yadda abin nan ya shigo gidanmu.

Shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, wani Bature da Malam yake tuƙa wa kwalekwale a Binuwai aka mai da shi Kiribi, bakin teku, ya ce sai da Malam. Kwana shida muka yi a bayan babbar mota. Ranar da na fara ganin teku na tambayi Malam ina ɗaya gaɓar, ya yi dariya har ya zauna a yashi. Ni shekara talatin da 'yan kai, shi gemunsa baƙi wuluk.

Aikinsa riƙe injin jirgi, Bature na jan fatsa a baya, kifi na bin ta a guje. In sun gaji su tsaya kan duwatsu su sauke dalma har ƙasan ruwa. Malam ɗan masunta ne, ba zai zauna kallo ba. Ya riƙa sakin zare da hannu yadda ake yi a kogi, kifin teku kuwa ba ya wasa, tafinsa ya tsattsage. Ni ke shafa masa man kaɗanya. Ran nan na ce, "Ko ka sayi muline irin na Baturen, ko ka nemi wadda za ta riƙa ba ka tuwo a baki."

Muka tafi Duwala. Mai kanti ya jera mana guda uku a kan tebur yana ta zuba Faransanci. Akwai ƙarami mai walƙiya kamar sabon cokali, akwai ƙato kamar turmin daka yaji, sai na tsakiya, mai duhu, mummuna. Idon Malam na kan mai walƙiya.

Na ce, "Zurfin wajen duwatsun nan gaba nawa ne?"

Ya ce, "Arba'in."

"In kifi ya kama kuna tafiya, gaba nawa yake ja kafin ya gaji?"

"Ya fi ɗari."

"To wannan ɗan tsakon ina zai sa zaren?"

Ya juya wajen ƙaton. Na ɗora masa shi a hannu na ce ya riƙe, ni kuma na shiga kallon kaya. Kafin in gama zaga kantin hannunsa na rawa. Na ce, "Haka za ka wuni da shi kana jiran kifin ƙasa?"

Na ɗauki mai walƙiyan na kankare gindinsa da mabuɗin akwatina. Mai kanti ya yi tsalle. Fenti ne, ƙarfe a ciki. Na kankare mummunan, sai ga tagulla ja. Ni da nake zuba wa kifi gishiri tun ina yarinya, na san kwanon ƙarfe wata uku yake yi ya huje, tasar tagulla ta uwata kuwa har yau tana nan. Na kai shi kunne na murɗa. Ƙar-ƙar-ƙar, a hankali, ba ya tsallake ko ɗaya. Na ce wannan. Malam ya ce, "Ko miji haka kika zaɓa?" Na ce, "Da an bar ni na kankare, da na duba."

Kullum ya dawo sai in haɗa mulinen da kwanuka in wanke da ruwan rijiya. Yana faɗa, wai wa ya taɓa wanke abin da ya wuni a ruwa. Ban saurare shi ba, abin da ya taɓa gishiri a gidana sai an ɗauraye. Shekara ta zagayo, na Baturen ya ci tsatsa ya ƙafe, namu na juyawa. Daga nan Malam ya daina sallama. In ya iso ƙofar gida sai ya murɗa shi sau uku, in san a ɗora ruwan zafi.

A shekara ta biyu wani kifi mai haƙoran kare ya ja zare har birkin cikin mulinen ya ƙone. Birkin wani ɗan zobe ne, aka ce sai an aiko da shi daga Faransa, wata uku. Ina wajen rijiya Malam ya ɗauki takalmina na jar fatar Maruwa, wanda uwata ta ba ni da za mu taho, ya yanke zobe a na hagu, ya jiƙa da man kaɗanya ya sa. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Zoben kuwa ya zauna, har muka dawo Garwa ba a sake shi ba.

Wannan takalmin na ƙulle a gefen zane na tafi da shi zauren Lawan. Nicolas na zaune da mulinen a cinya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, irinsu dubu ne, kamfani ɗaya ke yi. Mama ta rikice ne."

Na kwance takalmin. Lawan ya ce, "Dada Halime, duka za ki yi a zaurena?"

Na ce, "Da na zo duka da na ɗauko mai kyau. Dubi hujin nan. A kwance ƙusoshi huɗu na gefen dama. In ba a sami jar fata daidai da shi ba, ku ce na haukace, in yarda."

Lawan ya sa aka kawo wuƙa. Dogarinsa ya kafa bakinta a ƙusar farko, hannunsa kamar na mai fasa goro. Nicolas ya dafe hannun.

"Kada a buɗe. Baba kaɗai ya san yadda ake mai da shi. In wayoyin ciki suka watse, shi ke nan." Ya sunkuyar da kai. "Nata ne."

Na ce, "Ɗaga murya. A kasuwa ba raɗa ka yi ba."

Ya ce, "Nata ne. Ƙarya na yi, hankalinta kuma ƙalau." Sannan ya ce, "Mama, in na murɗa shi a ruwa sai in ji kamar Baba na zaune a bayan jirgi."

Na ce, "Ni da na shekara goma sha takwas ina jin sa a ƙofar gida, kunnena ya mutu ne?"

Lawan ya ce ya je kasuwa ran Asabar ya maimaita a rumfar masu banda. Ya je, na tsaya a kansa har ya gama.

Da na kawo shi gida warin baƙin mai yake yi, da laka a gindin hannu. Na wanke da ruwan rijiya, na shafa man kaɗanya, na kai kunne. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Nicolas ya zo ran Lahadi da kan giwan ruwa a leda, ya tsaya a waje ya kasa sallama. Na bar shi ya sha rana tukuna. Sannan na fito da mulinen na ajiye a kan tabarma, na ce ya murɗa in yana so, amma a nan, ina gani. Abin nan ba zai sake ƙetare ƙofar gidana ba.