Akwatin da Ya Ƙwace Kujerar Mu'azu

Ni mai faci ne a bakin tashar Anka, kuma a gaban rumfata aka yi abin nan da rana tsaka, don haka kada wani ya ce mini ji na yi.

Ɗahiru yana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, kanta mai shan gas, da ita yake kai hatsi kasuwannin Gummi da Bukkuyum. Batiranta sun daɗe da mutuwa, sai ya riƙa ajiye ta a gangare, in za a tashi a tura. Mai turin shi ne Mu'azu, ɗan ƙanwarsa Ladidi, daga Yargalma.

Mu'azu yana cikin yaran da gubar dalma ta kama shekarar da aka yi ta niƙa dutsen zinari a cikin gidaje. Ya rayu, amma ƙwaƙwalwar ta tsaya inda cutar ta same ta. Jiki kuwa bai tsaya ba, yau ga shi ƙato har da gemu. Noma bai iya ba, in an aike shi sai ya manta. Abu ɗaya ya iya a duniya: kawunsa ya leƙo ta taga ya ce "Tura!", ya kafa kafaɗa, motar ta yi tari ta tashi, ya sheƙo ya haye kujerar gaba yana dariya. Kujerar nan ita ce komai nasa. A kanta yake cin abinci, saboda ita ake gaishe shi a tasha, saboda ita innarsa take iya cewa ɗanta yana da aiki.

Ran nan motar ta mutu cikin yashi a hanyar Gwashi, ba gangare, turi ya gagara. Da ƙyar aka jawo ta zuwa tasha. Ɗahiru ya sauko yana huci, ya wuce kai tsaye shagon Zayyanu mai kayan wutar mota, maƙwabcina, wanda ya kawo akwatunan nan na caji da ake maƙala wa batir mota ta tashi.

Ɗahiru ya ɗauki wani ɗan ƙarami kamar waya. Zayyanu ya ce, "Aje wanga, Alhaji, na ƙananan motoci ne masu fetur. Injin gas nauyi gare shi, sai dai ka ji ƙas-ƙas. Kuma motarka batir biyu ce, mai ƙarfin bolt ashirin da huɗu kake so." Ya jawo wani babba mai wayoyi masu kauri. "Amma ba shi son rana, ba shi son jijjiga. A gaba za ka aje shi."

Ɗahiru ya dubi akwatin, ya dubi Mu'azu. Wallahi tun daga kallon nan na ajiye facin da nake yi.

"Shina cin tuwo?" ya tambaya da ƙarfi.

"A'a, Alhaji, caji kawai."

"Shina mantuwa? Shina zubar da miyau?"

'Yan tasha suka fashe da dariya. Mu'azu ma ya yi dariya, don ya ga kawunsa yana yi.

Ɗahiru ya ce, "To, kujera ɗaya ce, ku kuma biyu. Mu'azu, za ku yi gasa. Wanda ya tada motar, kujera tasa." Ya shiga mota, kuma da idona na ga ya ja birkin hannu har ƙarshe. Na ce, "Ɗahiru, ka ji tsoron Allah!" Ya ce in je in yi facina.

"Tura!"

Mu'azu ya kafa kafaɗa. Motar ko gezau. Ya tuɓe takalmi ya sake kafawa, ƙafafunsa suna tona ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun fito. "Tura mana, ragon banza!" Ya tura har ƙarfen bodin motar ya yanke shi, jini ya ɓata masa riga. Daga ƙarshe ya durƙusa yana haki, yana kallon hannuwansa kamar ba nasa ba.

Ɗahiru ya sa aka maƙala wayoyin, ja a nasa wuri, baƙi a nasa. Murɗa makulli ɗaya, injin ya ɗauka. Marasa kunya har da tafi.

Na je na kama Mu'azu na ce, "Tashi, ƙarfinka na nan. Birki ya ja maka."

Ya girgiza kai. "Kawu ba shi ƙarya. Akwatin ne ya fi ni."

Ya miƙe ya ɗauki akwatin da kansa, ya share kujerar da gefen rigarsa inda ba jini, ya ajiye shi a hankali. Ɗahiru ya ce ya nemi motar Yargalma ya koma wurin innarsa, ya gaya mata aiki ya ƙare. Mu'azu ya ce to.

Har ya rufe ƙofar sai ya sake buɗewa, ya sunkuya kusa da akwatin, ya yi ƙasa da murya don kada kawunsa ya ji haushi.

"Ka riƙe ƙofar da kyau," ya ce masa. "Tana buɗewa in an sha kwana."